Babi na Shida: Bashin Yaƙi Ba Ya Tsufa

A ƙarshen watan Mayu na 2020 wata tsohuwa mai suna Irene Triplett ta rasu a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, tana da shekara 90 a duniya. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ba ta tara dukiya ba, amma manyan jaridun ƙasar sun ba da labarin rasuwarta. Dalili kuwa shi ne, har watan da ta cika gwamnatin Amurka tana aika mata da dala 73 da santi 13 duk wata, fanshon yaƙin basasar da aka gama tun 1865. Mahaifinta, Mose Triplett, ya fara yaƙin a ɓangaren 'yan tawayen Kudu, daga baya ya sulale ya koma rundunar gwamnatin tarayya. Ya haife ta yana tsoho tukuf, ya haura tamanin, kuma da yake ta taso da naƙasa, doka ta ba ta haƙƙin cin fanshonsa har ƙarshen rayuwarta. Yaƙin shekara huɗu aka yi, amma sai da baitulmali ya shekara 155 yana biyan kuɗinsa. Wannan ɗan kuɗi na Irene shi ne hujjar wannan babi a dunƙule: abin da gwamnati ke kashewa wajen karatun tsohon soja, da jinyarsa, da diyyar naƙasarsa, da kula da iyalinsa, ragowar kuɗin yaƙi ne da aka jinkirta biya. Bashi ne, kuma ƙasar da ta ɗauke shi a matsayin sadaka za ta riƙa biyan sa a makare, a tauye, tana kuma zaɓen wanda za ta ba.

Amurka ba ta koyi wannan darasi cikin daɗin rai ba. Sojan da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya dala 60 aka miƙa masa da tikitin jirgin ƙasa, aka ce ya sauka lafiya. Da 'yan mazan jiya suka matsa lamba, Majalisar Dokoki ta amince a 1924 a ba kowa ladan dala ɗaya a kan kowace rana da ya yi aiki a gida, dala ɗaya da kwata a kan kowace rana a ƙetare, amma a takarda, ba za a karɓi kuɗin ba sai 1945. Sai tattalin arziki ya karye a 1929, mutanen da suka kwana a ramukan Faransa suka wayi gari suna bin layin abinci da takardar bashin gwamnati a aljihu. A bazarar 1932 dubbansu suka yi tattaki zuwa Washington, wasu da mata da 'ya'ya, suka kafa bukkoki na kwali da tsohon kwano a bakin kogin Anakostiya, suna roƙon a biya su yanzu. Ranar 28 ga Yuli Shugaba Herbert Hoover ya ba da umarni, Janar Douglas MacArthur ya fito da dawakai da tankoki da hayaƙi mai sa hawaye, aka tarwatsa su, bukkokin suka ƙone ƙurmus. Sojan yau ya kori sojan jiya a gaban idon duniya. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Hoover ya faɗi zaɓe a watan Nuwamba, kuɗin kuma sai a 1936 aka biya.

Hayaƙin Anakostiya bai bar idon 'yan siyasa ba lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya doshi ƙarshe. Wannan karon mutum kusan miliyan 16 ne suka sa kaki, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya idan aka sako su gari ba aiki ba sana'a. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ta tsara daftari, tsohon shugabanta Harry Colmery ya rubuta zubin farko, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu ranar 22 ga Yuni 1944, makonni biyu da 'yan kwanaki bayan saukar dakarun ƙawance a gaɓar Nomandi. Ita ce dokar da duniya ta sani da G.I. Bill. Duk wanda ya yi kwana 90 a bakin aiki kuma ba korar wulaƙanci aka yi masa ba, gwamnati za ta biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, abin da ya isa kusan kowace jami'a a lokacin, ta kuma ba shi alawus na dala 50 a wata in gwauro ne, 75 in yana da iyali. Ta tsaya masa a banki in zai ci bashin gida ko gona ko jari. In bai samu aiki ba, dala 20 duk mako har mako 52.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Shugaban Jami'ar Chicago, Robert Hutchins, ya yi gargaɗin cewa jami'o'i za su koma matattarar 'yan zaman kashe wando. James Conant na Harvard ya ji tsoron za a cika azuzuwa da waɗanda ba su cancanta ba. Wasu 'yan majalisa kuma suka ce kuɗin rashin aiki zai koya wa majiya ƙarfi lalaci. Abin da ya faru ya kunyata su duka. Zuwa 1947 kusan rabin ɗaliban manyan makarantun Amurka tsofaffin sojoji ne, da yawa suna zaune da mata da jarirai a rumfunan kwano da aka ɗebo daga barikoki aka jera a filayen jami'a. Lokacin da shirin ya ƙare a 1956, mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko sun koyi sana'a a ƙarƙashinsa, miliyan 2.2 daga cikinsu a jami'a da kwaleji. Daga 1944 zuwa 1952 gwamnati ta tsaya wa bashin gida kusan miliyan 2.4. Kuɗin rashin aikin da aka yi ta cece-kuce a kansa kuwa, ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ware ba a cinye ba. Conant da kansa daga baya ya yarda cewa waɗannan ɗalibai suna cikin mafi natsuwa da Harvard ta taɓa gani. Mutumin da ya ga mutuwa ido da ido ba sai an tashe shi zuwa aji ba.

Sai dai a yi hattara da irin yabon da ake yi wa wannan doka. An fi kare ta da cewa jari ne da ya dawo da riba, injiniyoyi da likitoci da malamai da ta samar sun biya harajin da ya ninka abin da aka kashe. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake masana tattalin arziki irin su John Bound da Sarah Turner sun nuna cewa wani kaso na waɗannan mutane da ma za su je jami'a ko babu dokar. Matsalar hujjar riba ita ce ba ta rufe kowa. Sojan da harsashi ya taɓa masa laka, ko wanda ya dawo ba ya iya kwana a ɗaki mai duhu, ba zai taɓa mayar wa baitulmali abin da aka kashe a kansa ba. In riba ce ma'auni, shi ne na farko da za a zubar. Hujjar bashi kuwa ba ta tambayar me mai bin bashin zai yi da kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun 1865, a jawabin rantsuwarsa ta biyu, Shugaba Abraham Lincoln ya sa kula da wanda ya ɗauki nauyin yaƙi, da matar da ya bari, da marayansa, cikin aikin da ya rage wa ƙasa, kuma ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake kira VA, ta ɗauki wannan magana ta mai da ita takenta.

A wajen jinya da diyyar naƙasa ne bambancin bashi da sadaka yake fitowa sarai, domin a nan tambayar ita ce wa zai kawo shaida. VA tana auna naƙasa daga sifiri zuwa kashi 100, hawa goma-goma, kuma kuɗin da ake biya duk wata babu haraji a kansa: a 2024 mai kashi 10 yana karɓar kimanin dala 171, mai kashi 100 da ba shi da iyali sama da dala 3,700. Wanda aka yanke wa ƙafa a filin daga ba ya wahalar kafa hujja. Ciwon da ke ɓoye shekara ashirin kafin ya fito fa? Tsakanin 1962 da 1971 jiragen Amurka sun fesa galan kusan miliyan 20 na maganin kashe ciyawa a dazukan Biyetnam don a tone maɓoyar abokan gaba. Mafi yawansa shi ne wanda ake kira Agent Orange, saboda zanen ruwan lemo da ke jikin durom ɗinsa, kuma yana ɗauke da gubar dayoksin. Sojoji sun yi tafiya a ƙasar da aka fesa, sun sha ruwan rafukanta. Da suka fara kamuwa da kansa bayan shekaru, sai aka ce kowa ya tabbatar cewa feshin ne ya jawo masa. Ta yaya kurtu zai tabbatar da abin da aka zuba a dajin da ya ratsa shekara goma sha biyar da suka wuce, alhali taswirar feshin da bayanan sinadarin duk suna hannun wanda yake ƙara?

Sai a 1991 Majalisa ta juya al'amarin. Dokar da ta yi a shekarar ta ce wanda ya yi aiki a Biyetnam kuma ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, za a ɗauka aikin soja ne sanadi, ba sai ya kawo wata shaida ba. Jerin ya yi ta tsawo: ciwon suga a 2001, ciwon makyarkyata na Parkinson da wani nau'in ciwon zuciya a 2010. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a Iraƙi da Afghanistan an maimaita labarin da sabon salo. A sansanonin soja ana haƙa manyan ramuka a zuba shara, roba da batir da tayoyi da sharar asibiti, a antaya man jirgi a cinna wuta, hayaƙin yana bin tantuna dare da rana. Sojoji suka dawo da ciwon huhu da kansa, VA ta ƙi amincewa da kusan bakwai cikin kowace buƙata goma, har sai da Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT ranar 10 ga Agusta 2022, wadda ta sa cututtuka sama da ashirin cikin waɗanda ba a neman shaida a kansu. Mai suka zai ce ciwon suga da hawan jini ai cututtukan tsufa ne, da yawa daga cikin masu karɓar diyya da ma za su kamu ko ba su taɓa ganin Biyetnam ba. Haka ne. Amma inda ilimi ya kasa rarrabewa, kuskure dole ne, abin da ya rage shi ne a zaɓi wanda zai ɗauke shi: ko baitulmali ya biya wasu da ba feshin ne ya kama su ba, ko a bar wasu da feshin ya kama su mutu suna jiran takarda. Wanda ya fesa gubar shi ya fi cancanta ya ɗauki asarar shakka. Dokar Amurka ma ta yarda da haka a rubuce: in shaidu suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya.

Akwai suka mafi nauyi, ta adalci tsakanin 'yan ƙasa. Mai haƙar kwal ma huhunsa yana lalacewa, ma'aikaciyar jinya ma tana ɗaukar cuta a bakin aiki, kuma a Amurka miliyoyin farar hula ba su da inshorar lafiya, yayin da VA ke riƙe da asibitoci kusan 170 da dakunan shan magani fiye da dubu don mutum miliyan 9 da suka yi rajista. Me ya sa soja zai zama ɗan lele? Amsar tana cikin irin yarjejeniyar da ya shiga. Ma'aikacin kamfani yana iya ƙin aikin da ya ga zai halaka shi, yana iya yajin aiki, yana iya ajiye aikin ya tafi. Soja in ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, kotun soja ce makomarsa. Bugu da ƙari, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Feres a 1950, soja ba shi da ikon kai gwamnati ƙara kotu a kan raunin da ya samu ta dalilin aikinsa. An karɓe masa haƙƙin da kowane ɗan ƙasa ke da shi, diyyar VA ce aka ba shi a madadi. Halin da mai haƙar kwal ke ciki abin kunya ne, kuma hujja ce ta a faɗaɗa kulawa ta kai gare shi. Rage wa soja ba zai ƙara wa huhun mai haƙar kwal numfashi ba.

Iyali kuwa sun shigo lissafi ne domin su ma da su aka ci bashin. Matar da ta bar aikinta don ta riƙa juya miji a gado, ta yi masa wanka, ta tashi tsakar dare in mafarkin yaƙi ya firgita shi, aikin asibiti take yi ba albashi, shi ya sa wata doka ta 2010 ta fara ba masu irin wannan jinya alawus. Tun 1973 shirin CHAMPVA yake ɗaukar nauyin lafiyar mata da 'ya'yan wanda ya naƙasa gaba ɗaya ko ya rasu ta dalilin aiki. 'Ya'yan sojojin Biyetnam da aka haifa da tsagewar ƙashin baya suna da nasu haƙƙin. Sabuwar dokar karatu ta 2008, wadda Sanata Jim Webb ya jagoranta, tana biyan kuɗin jami'ar gwamnati ta jihar mutum gaba ɗaya har wata 36, da kuɗin haya, da dala 1,000 ta littattafai a shekara, kuma ta ba sojan da ya shekara shida ya kuma yarda ya ƙara huɗu damar mayar da wannan haƙƙi ga matarsa ko 'ya'yansa. Uban da ya yi shekarun ƙuruciyar ɗiyarsa a hamadar Iraƙi ba zai dawo da su ba, amma zai iya biya mata karatu da su.

Duk da haka, rubuta haƙƙi a doka daban, isar sa hannun mai shi daban. Dokar 1944 ba ta ambaci launin fata ba ko sau ɗaya. Amma ɗan majalisa John Rankin na Misisipi, wanda ke shugabantar kwamitin da dokar ta bi ta hannunsa, ya tabbatar an bar aiwatarwa a hannun jami'an jihohi da bankuna da makarantun gari, kuma ya san abin da yake yi. A 1947 an bincika birane 13 na Misisipi, aka tarar cikin bashi 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal suka je hannun baƙar fata. Jami'o'in Kudu sun rufe musu ƙofa, 'yan kwalejojin baƙaƙe kuma suka cika suka batse har suna mayar da dubbai gida. A zamaninmu ma an ga wasu fuskokin wannan ciwo. A 2014 aka gano jami'an asibitin VA na Phoenix suna ɓoye jerin masu jiran likita don a ga kamar komai lafiya, wasu marasa lafiya sun rasu suna kan layi, har ministan ma'aikatar, Janar Eric Shinseki, ya yi murabus. Makarantun kuɗi kuma suka mai da tsofaffin sojoji abin farauta, suka cinye musu watannin karatu, manya biyu daga ciki, Corinthian da ITT, suka ruguje a 2015 da 2016. Wasu na kafa hujja da waɗannan su ce a rushe tsarin. Amma wanda ɗan aike ya cinye masa kuɗin biyan bashi, ɗan aike zai canza, bashin yana nan.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan zance. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausa ta kasance harshen bariki, suka dawo babu wata dokar karatu ko bashin gida da ke jiran su. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan mazan jiya suka nufi fadar gwamna da takardar koke a kan alkawuran da ba a cika ba, aka buɗe musu wuta, uku suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da kurtu Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin Gana. Faransa kuwa a 1959 ta daskarar da fanshon sojojin da ta ɗiba daga ƙasashen da ta mallaka, har da Nijar, ta bar shi a tsohon farashi yayin da na Faransawa ke hawa, kuma ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin suna kabari. Rami ɗaya aka kwana, harsashi ɗaya aka tara, amma da aka zo biya sai aka tuna wane ne ɗan gida. Abin da Rankin ya yi da hannun jami'an jiha, daulolin Turai sun yi shi da alƙalamin doka.

Saura suka ɗaya, wadda ta fi fitowa daga masu ƙin yaƙi. Tun da Amurka ta daina ɗaukar soja dole a 1973, kuɗin karatu ya zama ƙugiyar da ake kama 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da ita, yaro ya sa rayuwarsa a caca don ya samu digirin da ɗan mai kuɗi ke samu yana kwance. Wannan zargi yana da tushe, amma ba a tsohon soja ya kamata ya sauka ba. Mai son a rage yaƙi shi ya fi kowa buƙatar a biya wannan bashi cif-cif, a kuma rubuta shi a fili. Linda Bilmes ta Jami'ar Harvard, wadda ta rubuta littafi a kan kuɗin yaƙin Iraƙi tare da Joseph Stiglitz a 2008, ta nuna cewa kuɗin kula da tsofaffin sojoji yana kai ƙololuwa ne shekara 30 zuwa 40 bayan an gama yaƙi, kuma a 2021 ta ƙiyasta cewa na yaƙe-yaƙen bayan 2001 zai haura dala tiriliyan 2 kafin 2050. Kasafin VA na shekara guda ya riga ya wuce dala biliyan 300. Ɗan majalisar da ke ɗaga hannu a tafi yaƙi ba ya ganin wannan adadi, domin lokacin da takardar za ta iso ya daɗe da barin kujera, jikokin masu zaɓensa ne za su biya. Shawarar da Bilmes ta daɗe tana bayarwa ita ce a kafa asusu na musamman, a riƙa zuba kuɗin jinyar gobe tun ranar da aka ware kuɗin harsashin yau. Da za a yi haka, a ajiye kuɗin keken guragu da na makarantar marayu a shafi ɗaya da kuɗin jiragen yaƙi kafin a kaɗa ƙuri'a, da wasu hannuwan sun yi nauyin ɗagawa. Waɗanda suka tura Mose Triplett fagen fama ba su san da Irene ba, amma da sunanta suka ci bashin.